Hasken polimata yana sauya hannun murɗawarsa idan shimfiɗar ta yi kauri, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Masana wannan fanni, ku taimaka min.

Ina aiki da polimar F8BT, wata roba mai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi da ke fitar da haske, na gauraya mata helisin (sinadarin da ƙwayoyinsa ke da siffar murɗaɗɗiyar waya) mai murɗin hannu ɗaya, kashi 10 cikin 100 na nauyi, a cikin tolwin, ruwan sinadarin da ke narkar da su. Na shimfiɗa a kan gilashi, na gasa a digiri 140. Kafin gashi, hasken da take fitarwa kusan ba ya nuna murɗawa, wato juyawar igiyar haske hagu ko dama yayin tafiyarta; ƙimar g, ma'aunin yadda hannu ɗaya ya rinjayi ɗayan, ba ta wuce 0.001. Bayan gashi sai ta haura sosai, kamar yadda ake tsammani idan sarƙoƙin polimar suka jeru a murɗe.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne alamar g, wato ko tana sama da sifili ko ƙasa da shi. Siririyar shimfiɗa tana ba ni haske mai murɗawa hagu, mai kauri kuma dama, alhali helisin ɗaya ne, kwalba ɗaya. Na san kauri kan iya juya alamar, domin hasken yana ratsa polimar da ke shanye hannu ɗaya fiye da ɗayan. Amma ina tsoron ko jeruwar sarƙoƙi a miƙe ce ke yaudarar na'urar, tunda idan na jujjuya gilashin ƙimar tana ɗan motsawa. Kifa shi ta baya bai sauya alamar ba.

Ta yaya kuke raba sahihiyar murɗawa da wannan ruɗi? Auna kusurwoyi da dama a ɗauki matsakaici ya wadatar, ko dole sai awon matiris ɗin Mula, wato cikakken awon yadda shimfiɗar ke sauya yanayin igiyar haske? Ban so in ɗora faifan ƙarfe mai shigar da lantarki a baya, wanda shi ma yake juya hannun hasken da ya dawo, kafin in warware wannan. Na gode.