Wa ya taɓa hawa Gembu? Hajiyarmu na amai a mota

Mai tambaya, Arkilla: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ke aure a Gembu ta haihu, Hajiyarmu kuma ta dage sai ta je ta ga jikanta. Ita kuwa ko Sakkwato zuwa Gusau, hanyar da ba hawa ba gangara, sai an tsaya mata ta yi amai. Wanda ya taɓa hawa dutsen Mambila, inda Gembu take, ya taimake ni da abin da ya gani.

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa: Wa alaikumus salam. Allah shi raya. Ni ina zuwa sarin ganyen shayi na Kakara, can bisa Mambila. Tahiyag ga ba ta kwana guda ba ce, kada ma ku gwada. Ku kwana Jalingo. Daga nan Bali, sai Serti, duk lahiya lau. Wahala na farawa in an wuce Mayo Selbe, nan mota ka kama dutsi. Kwana bisa kwana, ba ka gama karkata dama ba an maishe ka hagu, ga rami ƙasa wanda ba a son kallo. Akwai hawan da suke kira Biyu da Sisi, nan ne maza ka yin shiru. In an kai Maisamari an hau tudu ke nan, amma har Nguroje da Gembu hanya ba ta miƙe sosai ba. Ku biya kuɗin kujerar gaba, ko na mutum biyu ne. Ni tun da na koma gaba ban sake neman leda ba.

Ma'aikaciyar jinya, Mabera: Yaya, gaskiyar Alhaji ce game da kujerar gaba. Can cikin kunne akwai abin da ke auna motsin jiki. In kunne ya ce ana juyawa, ido kuwa yana kallon bayan kujera yana cewa a zaune ake, nan jiri da tashin zuciya ke tasowa. Shi ya sa ake son ta riƙa kallon hanya can nesa, ta jingina kai, ta bar duba waya. Na hau sau ɗaya da maganin amai na mota mai suna Stugeron, ana shan sa kamar awa 2 kafin tafiya, in amai ya riga ya fara ya makara. Akwai Avomine ma, sai dai yana sa barci ƙwarai. Tunda Hajiya dattijuwa ce, a nuna wa likita magungunan da take sha kafin a ba ta ko ɗaya.

Wata uwa, Runjin Sambo: Ni dai lemun tsamin da kowa ke yabo bai yi mini komai ba. Na shinshina, na lasa, a banza. Ɗanyar citta ce ta ɗan riƙe ni. Abin da ya fi tayar mini da zuciya ma warin fetur ne, don direbanmu ya ɗauko jarka a but, ga gilashi a rufe saboda sanyi. Ku duba motar kafin ku shiga. Sannan wata da ke kusa da ni ta cika ciki da fura da nono a Serti, wai kada ta hau da yunwa. Ba sai na ba ku sauran labarin ba. Biredi kaɗan da ruwa sun isa.

Direba, Gawon Nama: Kowa na maganar hawa, ni saukowa ta fi tayar mini da fasinja. Direban da bai san dutsi ba yana ta taka birki yana saki, mutane na gaba na baya, to dole ciki ya juya. Wanda ya sani giya yake sa wa mota ta sauko a hankali. Ku shiga motar 'yan garin, ku kuma kama dutsen da hantsi. Da damina hazo na rufe hanya har ba ka ganin motar da ke gabanka. Kunnen Hajiya zai toshe wajen hawa, ta yi ta hamma ko haɗiyar yawu.

Malamin makaranta, Kanwuri: Ku riƙa mata bargo da safa. Tudun ya haura mita 1,500, mu nan kuwa wajen 300 muke, sanyinsu na dare ko da bazara ya isa mutumin Sakkwato ya yi kuka. Amma ta je. In ta ga koren ciyawa da shanu a warwatse kan tuddai za ta manta da leda. Ku gaya mata ma ƙaramar hukumar sunanta Sardauna, don Ahmadu Bello, bayan yankin ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar 1961. Ba baƙuwa za ta zama ba.

Mai tambaya, Arkilla: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam direba, in muka ƙara kwana a Serti don mu kama dutsen da safe, ana samun motar Gembu a nan, ko sai wadda ta ciko daga Jalingo?