Bashin asusun ritaya na Amurka bayan barin aiki: ana iya mayar da kuɗin?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum. Yayana ya bar aiki a Amurka a watan Satumban 2025, ya dawo gida Maradi. Yana da asusun ritaya na 401k, ya ci bashi a ciki, saura dala 12,000 bai biya ba. Yanzu an turo masa takarda cewa an cire bashin daga ajiyarsa. Shekarunsa 41. Wasu sun ce lampo zai hau kansa. Akwai gyara, ko kuwa bakin alƙalami ya bushe?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Akwai gyara, amma kafin komai ya duba takardar 1099-R da masu riƙon asusun ke fitarwa a ƙarshen Janairu. A gida na 7 akwai harafi. In M ne, an goge bashin ne da kuɗin ajiyarsa saboda barin aiki, kuma doka ta ba shi dama ya nemo dala 12,000 ɗin daga aljihunsa ya zuba a asusun IRA (asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa), ko a 401k na sabon wurin aiki in suna karɓa. In L ne, ya daina biya har wa'adin rangwame ya wuce, an lissafa kuɗin kamar ya cire ya ci. Wannan ba a mayar da shi.

Da can kwana 60 kawai ake bayarwa. Dokar haraji ta 2017 ta tsawaita wa masu M har ranar miƙa takardun haraji na shekarar da aka goge bashin. In a 2025 aka goge, yana da har 15 ga Afrilu 2026, da ƙarin lokaci kuma har 15 ga Oktoba. A lura, shekarar gogewa ake dubawa, ba shekarar barin aiki ba, mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Sharaɗi biyu ne: bashin yana kan biya daidai ranar da ya bar aiki, kuma an goge shi cikin wata 12 daga ranar.

In bai mayar ba, 12,000 ɗin za su shiga cikin kuɗin shigarsa na shekara, ga tarar kashi 10 cikin 100 don bai kai shekara 59 da rabi ba, wato dala 1,200 a kan harajin. Ba dole ya haɗa duka ba. In 7,000 ya samu ya zuba, 5,000 kaɗai za a yi wa haraji da tara.

Ƴar Mokoyo:
Malam ya gama bayani, sai in ƙara abin da ke kayar da mutanenmu da suka dawo gida. Kamfanonin zuba jari na Amurka da yawa ba sa buɗe sabon IRA ga wanda adireshinsa ke waje, don haka ya fara tambayar wannan tun yanzu, kafin ya sayar da fili ko shanu don haɗa kuɗin. In yana da tsohon IRA, ya tambaya ko za su karɓa.

Sannan ranar zubawa ya tabbata an rubuta kuɗin a matsayin rollover, da wannan kalmar, wato mayar da kuɗin ritaya daga wani asusu zuwa wani. In aka shigar da su a matsayin gudummawar shekara, iyakarta dala 7,000 ce a 2025, abin da ya haura kuma ana cin tararsa kashi 6 cikin 100 kowace shekara har a cire shi. Takardar 5498 ce shaidar an karɓa daidai, ya ajiye ta.

Malamin Lissafi:
Gaskiya ne Hajiya. Ga kuma maganar tura kuɗi daga nan. Banki zai nemi takardun hujja kafin ya fitar da sefa zuwa wajen ƙasashen UEMOA (ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa), to ya kai musu 1099-R da wasiƙar kamfanin. Sefa da yuro take ɗaure, ba da dala ba, canji na iya motsawa kafin kuɗin su isa, kuma bankunan da ke tsakani suna yankar nasu. Ya ƙara wani abu a sama, ya tura da saura aƙalla mako uku. Ranar da kuɗin suka shiga asusun ita ce abin dogaro, ba ranar da ya tura su daga banki a Maradi ba.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Zan ce masa ya nemo takardar yau, mu ga harafin.