Fabiyus ba ɗan kama-karya ba ne, to me za mu kira muƙaminsa?

Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ina rubuta tarihin Fabiyus Maksimus, sarkin yaƙin Rumawa da ya kara da Hanibal, sarkin yaƙin birnin Kartaj na Arewacin Afirka, sai na iso muƙamin da aka ba shi a shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato "dictator". Har na ɗora alƙalami zan rubuta "ɗan kama-karya" yadda muke ji a rediyo, sai na fasa. Zalunci ne a kira mutumin nan haka.

A shekarar ne Hanibal ya yi wa rundunar Rum kwanton-ɓauna a bakin tafkin Tirasimene. Aka kashe mutum kusan 15,000, har da Filaminiyus, ɗaya daga cikin shugabanni biyu da suke zaɓa duk shekara. Birni ya ruɗe. In abu ya kai haka, dokarsu ta yarda a ɗora mutum guda, a ba shi wuƙa da nama, amma na wata 6 kawai. Dogarai 24 ke shiga gabansa ɗauke da damin sanduna da gatari a soke, ninkin na shugaban da aka saba.

Kama-karya ƙwace ne. Shi Fabiyus ba shi aka yi, kuma waɗanda suka ba shi ba su daina taka masa burki ba. Ya ƙi yin gaba da gaba da Hanibal, yana biye da shi ta kan tuddai, yana tare mutanensa da ke fita neman abinci. Rumawa suka ƙosa, suka ce tsoro ne, suka laƙaba masa suna mai ma'anar mai jan ƙafa. Daga nan suka ɗaga mataimakinsa Minusiyus ya zama daidai da shi. (Muƙamin Minusiyus bai ba ni wahala ba: shi ne shugaban mayaƙan dawakai, Madawaki ke nan sak.) Aka raba runduna biyu, Minusiyus ya faɗa tarkon Hanibal, Fabiyus ɗin da Minusiyus ya raina ne ya zo ya cece shi. Da wa'adi ya cika ya sauka. Wane ɗan kama-karya ne ake raba wa iko ya haƙura?

Wani malamina ya ce in sa "kantoma". Na juya ta sosai, don tana da mutum guda da wucin gadi. Sai dai kantoma daga sama ake turo shi ƙaramar hukuma, babu ƙurar yaƙi a jikinsa. "Mai riƙon ƙwarya" kuma ajiyar wani yake tsaro, ikonsa bai kai ba.

Ni na tsaya a kan "shugaban ta-ɓaci". Duk wanda ya san dokar ta-ɓaci zai gane nan take: masifa ce ta kawo shi, doka ce ta naɗa shi, kuma yana da ranar sauka.

"Ɗan kama-karya" na ajiye wa Sula, wani sarkin yaƙin Rumawa da ya shiga Rum da takobi ya karɓi muƙamin a shekara ta 82 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ba wa'adi, da Yuliyus Kaisar da aka ba shi na har abada a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda ke da kalmar da ta fi tawa ya kawo, kafin in wuce babin yaƙin Kanne, karon Hanibal da Rumawa bayan saukar Fabiyus.