Zama a Jirgin Ruwa a Ingila: Abin da Masu Yi Suka Ce

Da aka tambayi mutanen da suka mai da jirgi gida a hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila, abin da suka fara faɗa shi ne haƙuri. Gudu bai wuce mil 4 a awa, kuma in ka zo wuce jiragen da ke ɗaure sai ka ƙara sassautawa, don kada igiyar ruwa ta kifar wa wani da shayi.

Lasisi dole ne, daga hukumar Canal & River Trust mai kula da kusan mil 2,000 na ruwa a Ingila da Wales. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya.

Abin da suka fi daɗewa suna magana a kai shi ne farfelar jirgi. Leda da igiya da tsumma kan naɗe ta, sai ka ji jirgi ya yi nauyi. Akwai murfi a bayan jirgi da ake buɗewa a zura hannu a cire, amma a kashe inji tukuna, a sa makulli a aljihu. In an gama, a ɗaure murfin tamau. Jirage sun sha nutsewa saboda wannan sakaci. A ganina wannan ita ce shawarar da ta fi kowace.

Da sanyi, murhun kwal ake hurawa, sai a rataya na'urar da ke ƙara in iskar guba ta taru. Banɗaki kuwa, a wasu jiragen tankinsa kai za ka ɗauka ka je ka zubar a wurin da aka tanada.