VTAM, manhajar sadarwa ta babbar kwamfuta, na fitar da saƙon IST663I da lambar 087D0001, ina zan fara dubawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Masu shiga ta TN3270 (hanyar shiga allon babbar kwamfuta ta TCP/IP) sun kasa isa ga CICS (manhajar gudanar da hada-hada) da ke wani LPAR, wato ɓangare, na babbar kwamfuta mai aiki da z/OS. Duk wanda ya buga sunan manhajar sai allo ya dawo da shi baya. A SYSLOG, kundin saƙonnin tsarin, ana ganin IST663I, da SENSE=087D0001. Sauran manhajojin wancan ɓangaren duk ana shigarsu lafiya. Hanya ce ta yanke, ko CICS ɗin ne?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tsaya a kan 087D0001. Abin da take nufi kawai shi ne VTAM ta tambayi duk maƙwabtan SSCP (cibiyoyin sarrafa haɗi na sauran VTAM) da ke jerinta, babu wanda ya kai ta ga manhajar. Ba ta faɗi dalili ba.

IST663I kan gungu ne, yana ƙarewa da IST314I END. Karanta duk abin da ke tsakani. IST664I zai nuna mai neman haɗi, OLU, da wanda ake nema, DLU. Duba sunan DLU harafi bayan harafi, har da sunan cibiyar da ke gabansa. IST889I na ɗauke da SID, lambar shaidar haɗin. Kwafe shi, domin da shi za ka nemo wannan yunƙurin a kundin ɗaya LPAR ɗin. Ainihin maganar tana ƙarƙashin IST894I, inda layukan IST895I ke jera kowane maƙwabci da lambar da ya mayar.

In ka ga 08570002, an san manhajar amma ba ta aiki. In 0806 ce a gaba, maƙwabcin bai san sunan ba sam. 08400007 kuwa binciken APPN (tsarin da cibiyar ke nemo suna da kanta) ne bai same ta ba.

Mai tambaya:
Na gode. Amma babu IST894I ko ɗaya a gungun, daga IST889I sai END.

Amsa ta biyu:
To duba zaɓin farawa na FSIRFMSG da D NET,VTAMOPTS. Idan NONE ne, ba za a fitar da jerin ba. Idan OLUSSCP ne, sai a kwamfutar da neman ya taso kaɗai za ka gan shi, don haka mai yiwuwa kundin da kake karantawa ba shi ne ba. Akwai kuma teburin hana ambaliyar saƙonni, wanda ke danne saƙo iri ɗaya in ya maimaitu a kurkusa. Nemi yunƙuri na farko, ba na ƙarshe ba.

Amma tunda sauran manhajoji na shiguwa, ni ban ga laifin hanya ba. Je LPAR ɗin da CICS ke zaune, ka buga D NET,ID=sunan manhajar,SCOPE=ALL, ka kalli STATUS a IST486I. ACTIV na nufin lafiya. CONCT na nufin VTAM ta san ta amma CICS bai buɗe ACB ɗinsa (mahaɗinsa da VTAM) ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda aikin CICS yana nan yana gudana, ga shi a jeri, sai dai ƙofarsa ta SNA (tsarin sadarwar da VTAM ke bi) a rufe take. In kuma aka ce ba a san sunan ba, babban kullin (major node) da ke ɗauke da APPL ɗin, wato bayanin manhajar a VTAM, ne ba a tayar ba: V NET,ACT,ID=sunan kullin.

Amsa ta uku:
Ƙari a kan CONCT. Buɗe kundin aikin CICS ka nemi DFHSI1572, yana zuwa da lambar kuskuren ACB. X'5A' na nufin APPLID, sunan da CICS ke gabatar wa VTAM, bai dace da wani APPL mai aiki ba. Yawanci an tayar da CICS ne kafin kullin. X'58' na nufin wani ya riga ya buɗe wannan sunan, sau da yawa wani CICS ne da aka kwafi sigoginsa ba a canza APPLID ba. Wannan ta biyun a yi hattara, a gano wanda ke riƙe da sunan kafin a kashe komai.

Bayan gyara ba sai ka sake tayar da CICS ba. CEMT SET VTAM OPEN daga kwansol ya isa.

Bin sawu da GTF, kayan bin sawu na z/OS, sai in duk wannan bai nuna komai ba. Idan ta kai ga haka, ka tuna umarnin F da ake kunna bin sawun da shi yana son sunan aikin VTAM na wajenku, ba lallai NET ba kamar D da V. Taƙaita shi ga na'ura ɗaya da TYPE=BUF,ID=, ka gwada shiga sau ɗaya, ka kashe da NOTRACE nan take.