Tsohuwar motar wasa: yadda ake mata fenti ta fito kamar ta gaske

A tsakanin masu sha'awar tsofaffin motocin wasa, abin da aka fi jan magana a kai shi ne ko a taɓa motar ma. Masu tara motar wasa ta Dinky, wadda kamfanin Meccano ya fara ƙerawa a Ingila a 1934, da Matchbox ta 1953, sun ce sabon fenti yana karya darajarta a kasuwa. Wadda fentinta na asali ke nan, a goge ƙura a bar ta. Wadda ta riga ta kwaile ce abin aiki.

An ja kunne sosai kan kankare tsohon fenti, don wasu na ɗauke da dalma. Wanda ya tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba sai an faɗa masa sau biyu ba: a jiƙa sanfefa kafin a goga, a rufe hanci, yara su yi nisa.

Daga nan sai shafen farko mai ruwan toka, sannan launi mai ruwa-ruwa, sau uku, kowanne ya bushe. Fenti mai kauri yana cike layin ƙofa, motar ta koma kamar alewa.

Wurin da na fi jin daɗi shi ne tsufantar da ita. A tsinka fenti baƙi da mai ruwan ƙasa ya kwarara cikin tsagogi, a share saura. Tsatsa kuwa a ɗiga ta da guntun soso a ƙasan ƙofa da bakin taya, inda ruwa ke kwana a motar gaske. Taya ba baƙa wuluk ba ce, toka-toka ce. Wasu sun ce a ƙarasa da ƙyalli. Ni dai na fi son dishi-dishi.