Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wa ke ɓeran a shari'ar gahawa?

Ɗan Kwari: Jama'a, jiya a shago aka ɗauko labarin tsohuwar nan ta Amurka da gahawa ta ƙona, ta maka McDonald's, kamfanin abincin da ya sayar mata da gahawar, a kotu, aka ce a ba ta miliyoyin daloli a 1994. Na ce shari'a saɓanin hankali. Wani dattijo ya ce a'a, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya dace?

Malama Uwani: Dattijon ya fi ka, ƙanena. Shekarunta 79, motar da take ciki a tsaye take, ta matse kofin tsakanin gwiwoyinta za ta cire murfi, ya kife mata a cinya. Kwana 8 ta yi a asibiti, har sai da aka yi mata dashen fata. Dala 20,000 ta nema, kamfanin ya ce 800 zai bayar. Ga shi an riga an kai musu koken ƙuna sama da 700. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce kashi 20 na laifin nata ne, aka zabtare diyyarta zuwa dala 160,000. Ka ga wari, ka ga sata.

Baban Ikram: Malama, ban yarda ba. Wannan karin maganar ana yin ta ne idan ana so a ɗora wa wanda aka cuta wani kaso, shi ya yi sake. To a nan kamfanin ne ɓeran, ko tsohuwar? Daddawa dai ba ta kai ƙara.

Malama Uwani: Ai shi ya sa take da daɗi, Alhaji. Kowane ɓangare yana ganin shi ne daddawar.

Ɗan Kwari: To dala miliyan 2.7 ɗin da aka ce a ƙara mata fa? Da irin wannan 'yan kasuwar Amurka suka riƙa kafa hujja a sa wa diyya iyaka. Jihar Texas ma a 2003 ta tsayar da diyyar raɗaɗi a kan likita a dala 250,000.

Baban Ikram: Miliyoyin nan na horo ne, kimanin cinikin gahawarsu na kwana biyu, kuma alƙali ya mayar da su 480,000 kafin su sasanta a asirce. Ni dokar Texas ɗin ce ke damuna: wanda aka yanke wa ƙafar da ba ita ba, raɗaɗinsa an riga an yi masa farashi.

Ɗan Kwari: Gobe zan tambayi dattijon wa yake nufi da ɓeran.